Gwajin sabuntawar Windows kafin a tura wa kowa a ofis: tambayoyi da amsoshi

Dole ne a gwada? Ai Microsoft sun riga sun gwada.

Dole ne. Sun gwada a kan na'urorinsu, ba su taɓa ganin tsohuwar firintar ofishin kuɗi ko manhajar albashinku ba. A Oktoban 2018 sabuntawar Windows 10 mai lamba 1809 ta riƙa goge fayilolin wasu mutane, sai da kamfanin ya janye ta cikin 'yan kwanaki.

Su wa ake sawa a rukunin gwaji?

Don Allah a daina cika shi da ma'aikatan sashen kwamfuta kaɗai. Kwamfutocinsu sababbi ne, kuma in abu ya lalace gyarawa suke yi ba su faɗa ba. Ana tura sabuntawa ne zagaye-zagaye, su ne zagayen farko. A zagaye na biyu ka ɗauki kamar mutum 5 zuwa 10 cikin kowane 100, ka tabbata kowane sashe da kowane samfurin kwamfuta ya samu wakili, har da wadda ta fi tsufa. Sauran jama'a su ne zagaye na uku.

Zan iya turawa ranar Juma'a?

A'a. Wa zai ɗauki waya ranar Asabar?

Kwana nawa ake jira?

Microsoft na sakin facin wata-wata, wato ƙaramar sabuntawa mai gyara kurakurai da toshe ramukan tsaro, ranar Talata ta biyu a kowane wata. Zagayen farko ya karɓa nan take, na biyu bayan kwana 3, kowa bayan kwana 7 zuwa 10, amma in ranar ta faɗo Juma'a a ɗage ta. Intune, manhajar Microsoft ta sarrafa kwamfutocin ofis, yana barin ka jinkirta facin wata har kwana 30, babbar sabuntawa har kwana 365. A WSUS kuwa, wato manhajar Microsoft ta rarraba sabuntawa daga cikin ofis, sai ka raba kwamfutoci rukuni-rukuni, ka riƙa amincewa ɗaya bayan ɗaya.

Ba wanda ya kawo ƙorafi. In saki?

Tukuna. Buɗe rahoton Intune ko WSUS ka ga kwamfutoci nawa suka sauke facin, nawa kuma aka kashe aka kunna. Kwamfutar da ba a sake kunnawa ba, ba a gwada ta ba, domin a lokacin tashi ne shuɗin allo, alamar Windows ta faɗi, yake bayyana. Wani ma yana hutu, kwamfutarsa na cikin jaka. Kira mutum uku, kowa ya buga takarda, ya shiga VPN, wato hanyar shiga na'urorin ofis daga waje, ya buɗe manhajar aikinsa.

To in masu kutse sun riga sun fara amfani da ramin da facin zai toshe fa?

Nan kam babu amsa guda, kuma ta kowane ɓangare an sha wuya. Microsoft ta fitar da facin MS17-010 a Maris 2017. Wata biyu bayan haka, ranar 12 ga Mayu, WannaCry, muguwar manhaja mai kulle fayiloli don neman kuɗin fansa, ya afka wa waɗanda ba su saka shi ba, har asibitocin Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Jinkiri ke nan. Gaggawa kuma, ranar 19 ga Yulin 2024 CrowdStrike, kamfanin manhajar tsaro, ya tura wani fayil mai kuskure ga kowa lokaci guda. Cikin minti 78 ya janye shi, amma kimanin na'urorin Windows miliyan 8.5 sun riga sun faɗi, a ƙiyasin Microsoft.

Abin da nake ba da shawara shi ne a taƙaita gwajin, kada a soke shi. Kwana 3 ya koma awa 4 zuwa 24. Amma ya danganta da inda na'urar take. In sabar ce, wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, da ke fuskantar intanet, kuma ana shiga ramin daga nesa ba tare da kalmar sirri ba, yawanci gara ka ɗauki kwafinta ka saka facin a daren. In kuwa sai wani ya buɗe fayil kafin a cutu, kana da ɗan sarari. Wani lokaci ana iya rufe ƙofar da ake bi ko a kashe hidimar na ɗan lokaci, gwaji ya ci gaba, sai dai ba kowane rami ke da irin wannan mafita ba. A lura kuma, jinkirin da abokan cinikin CrowdStrike suka saita bai shafi irin wancan fayil ba. Saboda haka ka tambayi mai sayar maka da manhajar tsaro, a rubuce, me yake turawa ba tare da ya bi zagayenka ba.

Na tura, abu ya lalace. Yaya zan yi?

Kwantar da hankalinka, in zagayen gwaji ne kawai, aikinsa ya yi. Dakatar da sauran zagayen, Intune yana ba ka kwana 35. Cire facin daga waɗanda abin ya shafa. Babbar sabuntawa kwana 10 ake da shi na komawa baya, sai in ka ƙara wa'adin tun farko, iyakarsa kwana 60.

Me zan tanada tun kafin ranar?

Makullan BitLocker, wato tsarin Windows mai kulle bayanan cikin kwamfuta. A rikicin CrowdStrike gyaran shi ne a tayar da kowace kwamfuta a yanayin kariya (Safe Mode) a goge fayil ɗaya da hannu, kuma kwamfutar da ke da BitLocker ba ta buɗewa sai an shigar da makullinta mai lambobi 48. Ofisoshin da makullansu ke cikin sabar da ita ma ta faɗi sun daɗe a tsaye. Ajiye kwafinsu a wani wuri dabam, ka gwada buɗe kwamfuta ɗaya da su a wannan makon.