Kafin ku tafi yawon Sallah bakin teku a Busua da Dixcove

Da zarar an sauko Idi, samari da 'yammata na zangunan Takoradi da Sekondi kan fara haɗa kuɗin mota, a nufi yamma: Busua, Dixcove, Butre, masu ƙarfin hali har Cape Three Points, inda ƙasar Ghana ta ƙare ta kudu. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, kuma ba hana ku zan yi ba. Wanda ya taɓa hawa tudun Butre zuwa ganuwar Batenstein da 'yan Holan suka gina a 1656, ya hango kwalekwalen masunta a ƙasa, ya san wurin ya isa a je. So nake kowa ya koma gida da ƙafarsa.

Teku na cika yana janyewa sau biyu a yini da dare, tsakanin cika da janyewa kusan awa shida. Cikar ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kwanakin da ya cika, saboda a lokacin ne jan wata da na rana ke haɗuwa. Ƙaramar Sallah kuwa a tsayuwar wata take, wato ranakun da muka fi zuwa su ne ranakun da ruwa ya fi hawa. Sai ku zagaya bayan duwatsu da hantsi kan yashi busasshe, ku sami lungu mai kyau, ku shimfiɗa tabarma ku buɗe kula. Kafin la'asar hanyar da kuka bi ta zama ruwa, bayanku kuma dutse ne a miƙe. Don haka kafin ku zagaya kowane dutse, ku gai da dattijon da ke gyaran koma a gaɓa, ku ce masa: Baba, yaushe ruwa zai dawo?

Duwatsun kansu suna da santsi, musamman inda gansakuka ta yi kore. Silifas ba takalmin wurin ba ne, ku sa kambas. Kada ku juya wa teku baya don ɗaukar hoto, domin taguwar ruwa ba girma ɗaya take zuwa ba. Bayan ƙanana da yawa sai babba ta taso ta share mutum. A ramukan dutse akwai wata halitta baƙa mai ƙayoyi kamar bushiya. Wanda ya taka ta ya jiƙa ƙafar a ruwa mai zafi daidai yadda fata za ta jure, a zare ƙayar da ta fito fili, sauran a bar wa asibiti. Kada a tona da reza.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne ruwa mai ja. Ruwan da taguwa ta turo gaɓa dole ya koma, sai ya sami siririyar hanya, sau da yawa a jikin duwatsu, ya fice da gudun da wani lokaci zai iya wuce mita 2 a daƙiƙa. Ko gwanin iyo ba ya cin masa. Wurin kuma yakan yi lumui, duhu-duhu, ba farin kumfa, shi ya sa baƙo ke zaɓarsa yana cewa nan ne ba haɗari. Ɗan'uwa, iyon da ka koya a kogi ko dam bai shirya ka wa wannan ba. In ka ji ana jan ka, kada ka yi kokawa da shi kana neman gaɓa kai tsaye, gajiya ce ke kashewa. Kwanta rigingine, ɗaga hannu ɗaya a gan ka, sannan ka yi iyo ta gefe har ka fita daga hanyar, taguwa ta taimaka maka komawa. Na kan tudu kada ya faɗa ciki hannu rabbana. Iya ruwa fidda kai. A jefa jarka rufaffiya ko igiya, a kira masunta, a buga lambar gaggawa 112.

Iyaye mata, doguwar riga da hijabi in sun sha ruwa nauyi suke yi su naɗe ƙafa, ku tsaya iya idon sawu. Yaro kuma ya kasance inda hannunki zai kai gare shi, don mai nutsewa ba ya samun numfashin yin ihu.

In za ku shiga kwalekwale, kowane mutum da rigarsa ta kariya mai hana nutsewa, a ɗaure, tun daga gaɓa. In babu, ku haƙura. Ba a miƙewa tsaye, kuma lokacin ratsa taguwa, fita da dawowa, a yi abin da matuƙi ya ce.

Wanda aka ciro ba ya numfashi, kada a juya shi kai ƙasa ko a danna cikinsa wai a fitar da ruwa, lokaci kawai ake ɓatawa. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska sau 5, sannan danna tsakiyar ƙirji 30, hura iska 2, a ci gaba har taimako ya iso. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, in yana tari ko numfashi da kyar, a kai shi asibiti a ranar. Akwai na gwamnati a Dixcove, kusa da Busua.