Daga Harafi Ɗaya a Cikin DNA Zuwa Ƙwaƙwalwa: Tambayoyi da Amsoshi

Sassa nawa ne a ƙwaƙwalwar mutum, kuma mene ne aikinsu?

Ƙwaƙwalwar baligi nauyinta kusan kilo 1.4 ne, amma ita kaɗai ke cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke sha yana hutawa. Ƙwayoyin jijiyar da ke cikinta sun kai kimanin biliyan 86.

Manyan sassanta uku ne. Babbar ƙwaƙwalwa ta rabu gida biyu, hagu da dama. Wajen goshi ake tsara aiki, a yanke shawara, a ba gaɓɓai umarnin motsi. Saman kai yana karɓar saƙon taɓawa, gefen kunne yana kula da ji da fahimtar magana, gani kuwa can baya yake. Shi ya sa mummunan bugu a ƙeya kan iya taɓa ganin mutum alhali idonsa lafiya lau. Ƙarƙashin nan akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa, mai daidaita tafiya da tsayuwa. Na uku shi ne kututturen da ya haɗe da laka, inda ake sarrafa numfashi da bugun zuciya.

Me ya sa rauni a hagu yake shanye ɓarin dama?

Yawancin jijiyoyin motsi suna gittawa ne a ƙasan kututturen kafin su shiga laka. Cibiyar magana ma a hagu take ga yawancin mutane, don haka shanyewar ɓarin dama takan zo da sarƙewar harshe.

To, ina ƙwayoyin gado suka shigo?

Kusan duk aikin da ƙwayar jijiya ke yi, furotin ne ke yin sa: shi ne ƙofar da sinadarai ke bi su haifar da saƙon lantarki, shi ne kuma mai karɓar saƙo daga maƙwabciyarta. Umarnin ƙera kowane furotin yana rubuce a DNA, wani dogon zaren sinadari da ke cikin ƙwayoyin halittar jiki, wanda aka naɗe cikin ƙunshi 46 da ake kira kuromosom, rabi daga uwa, rabi daga uba. Yankin DNA mai ɗauke da umarnin furotin shi ake kira ƙwayar gado, kuma muna da kusan 20,000. Iri ɗaya ne a ƙwaƙwalwa da hanta. Bambancin kawai waɗanda kowace ƙwayar halitta ta kunna.

Yaya umarnin yake zama furotin?

Haruffan DNA huɗu ne: A, T, G da C. DNA ba ya barin cibiyar ƙwayar halitta, sai dai a kwafi yankin da ake bukata zuwa wani kwafi da ake kira mRNA, inda harafin U ke maye gurbin T. A yanke sassan da ba a bukata, a haɗe sauran, sannan kwafin ya fita zuwa ribosom, wato maƙerar furotin ta ƙwayar halitta. Ribosom yana karanta haruffan uku-uku. Rukunonin 64 ne: 61 suna nuna ɗaya daga amino asid 20, wato tubalan da ake gina furotin da su, uku kuma alamar tsayawa ce. Ana farawa daga rukunin AUG, wani ɗan dako mai suna tRNA na kawo amino asid ɗaya bayan ɗaya, ana jera su kamar duwatsun carbi. Daga nan sarƙar ta naɗe kanta ta ɗauki siffa, kuma siffar ce ke ba ta ikon aiki.

Da gaske harafi ɗaya zai iya jawo cuta?

Ƙwarai kuwa, kuma sikila ce shaida. A kuromosom na 11 akwai ƙwayar gadon HBB, mai ƙera sarƙar amino asid 146 ta haimogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a jini. A gurbi na 6, GAG ya koma GTG, sai amino asid mai suna balin ya zauna a mazaunin wani mai suna gulutamik asid. Shi ke nan. Da oksijin ya yi ƙasa, sai haimogulobin ɗin ya manne da juna ya zama dogayen zaruruwa, jan ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje. Maimakon ta yi kwana 120, sai ta mutu cikin 10 zuwa 20.

Idan miji da mata duka AS ne, wato kowannensu na ɗauke da ƙwayar gadon sikila guda ɗaya, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zama SS, wato mai sikila. Kowane ciki lissafinsa daban. Kuskure ne babba a ɗauka cewa bayan an haifi mai sikila ɗaya, ukun da za su biyo sun tsira.

Sikilar tana taɓa ƙwaƙwalwa?

Tana taɓawa, kuma wannan ne iyaye da yawa ba su sani ba. Ƙwayoyin jinin suna gurje bangon manyan hanyoyin jinin da ke ciyar da ƙwaƙwalwa har su tsuke. Idan ba a ɗauki mataki ba, kusan yaro ɗaya cikin goma masu SS yakan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin shekara 20.

Ana iya hango haɗarin tun da wuri. Daga shekara 2 zuwa 16, sau ɗaya a shekara, ana ɗora na'urar TCD, mai aiki da igiyar sauti, a gefen kan yaro a auna gudun jini, ba allura, ba zafi. Gudun da ya kai santimita 200 a daƙiƙa alama ce ta tsukewa, sai likita ya fara ƙarin jini a kai a kai ko maganin hydroxyurea. Yaron da bakinsa ya karkace farat ɗaya, ko hannunsa ya saki, ko maganarsa ta sarƙe, a garzaya da shi asibiti nan take, ko da alamar ta wuce bayan 'yan mintuna.