"Wankin ƙoda": jini ake wankewa, ƙodar ba a taɓa ta

Kwanakin nan kunne ba ya hutawa da "wankin ƙoda". A rediyo ana neman taimako ga wani bawan Allah da za a yi wa wankin ƙoda, ɗan siyasa na alkawarin sayo injinan wankin ƙoda, mai magani kuma ya kafa lasifika a bakin kasuwa yana tallar garin da ke wanke ƙoda tas. Su uku kalma ɗaya suke faɗa, amma na ukun da kuskuren da ke cikin kalmar yake cin abinci. Abin da likitocin sashen ƙoda na asibitin Lamorde, can hayin gada a Yamai, ke kira diyaliz, ko kusa da ƙoda ba ya zuwa. Ba a buɗe ciki, ba a zuba mata ruwa. Jini ake fitarwa, a tace shi cikin inji, a mayar. Majinyaci ya tashi, ƙodarsa na nan yadda ya zo da ita.

Ƙoda biyu ne, a baya, ƙarƙashin haƙarƙari na ƙarshe, kowace tsawonta wajen santimita 11, nauyinta wajen giram 150. Cikin kowace akwai matatai ƙanana kusan miliyan ɗaya, su ake kira nefuron. Jini fiye da lita ɗaya ke ratsa ƙodoji a kowane minti, kuma a kwana guda suna tace ruwa wajen lita 180 daga cikinsa. Jarka tara ke nan ta mai ga-ruwa, masu lita 20. To amma fitsarin da mutum ke yi a kwana bai cika wuce lita ɗaya da rabi ba. Sauran ina ya tafi?

A nan ne masu kwatanta ƙoda da rariya ke tsayawa rabin hanya. Aikinta ya fi kama da na matar da za ta share ɗaki: sai ta fitar da komai tsakar gida, tabarma, kwanuka, tufafi da shara, sannan ta bi ɗaya bayan ɗaya tana mayar da masu amfani. Bakin matatar, wani ɗan dunƙulen jijiyoyi, yana sakin ruwa da gishiri da sukari da datti gaba ɗaya, ya tsare ƙwayoyin jini da furotin. Sai siririn bututun da ke biye da shi ya tsotse kashi 99 cikin 100 ya mayar wa jiki. Ranar zafin Afrilu da gumi ya yi yawa, ya ƙara tsotsewa, fitsari ya fito kaɗan kuma ja. Ranar da aka sha ruwa da yawa, ya saki. Ƙoda ce kuma ke aika wa ɓargo sinadarin da ke sa shi ƙera jajayen ƙwayoyin jini, ita ke gyara bitamin D don ƙashi ya amfana, tana kuma da hannu a daidaita bugun jini. Shi ya sa mai tsohon ciwon ƙoda ke fari fat, ƙashinsa na ciwo, tansiyonsa ta ƙi sauka.

Inji kuwa ɓangare guda kawai yake yi na wannan aiki. Ana jawo jini mililita 250 zuwa 400 a minti, a bi da shi ta cikin wani gwangwanin roba mai ɗauke da dubban zarurruka masu rami, siraran kamar gashi. Jini na tafiya a cikin zaren, wani ruwa da aka haɗa na musamman na tafiya a bayansa ta kishiyar hanya. Dattin jini irin su ure da kireyatinin, da gishirin potasiyom da suka taru, sai su ratsa fatar zaren su koma cikin ruwan, a zubar. Asalin kalmar ma abin da take nufi ke nan. Daga Girkanci ta fito, "dia" wato ta cikin, da "lusis" wato warwarewa: raba abubuwa ta hanyar ratsa wata fata. Thomas Graham, masanin sinadarai ɗan Sikotland, shi ya ba aikin wannan suna a 1861, yana gwaji da ruwan gishiri da ƙaro, babu majinyaci ko ɗaya a gabansa. Ba wanki a ciki, ba ƙoda a ciki. Mu ne muka saka su da muka zo fassara.

Wanki abu ne da ake yi a gama, a shanya, a ninke. Wanda aka ce za a yi wa mahaifinsa wankin ƙoda, ba laifinsa ba ne in ya sayar da rago ya zo da kuɗin zama ɗaya, yana jiran a sallame su. Ga lissafin gaskiya: mai ƙodar da ta mutu ɗungurungum ƙa'idarsa zama uku a sati, kowane awa huɗu, har iyakar rai ko har a yi masa dashe. Awa 12 ke nan cikin 168 da ƙodar Allah ke aiki ba hutu. Tsakanin zama da zama ruwa na taruwa, kowace lita kilo ɗaya a ma'auni, don haka ake ƙayyade masa abin sha: wajen rabin lita, leda ɗaya ta ruwan sanyi, a ƙara da gwargwadon fitsarin da ya yi jiya. Dabino, ayaba, tumatir da dankali, da ake ganin abincin lafiya ne, suna da potasiyom da yawa, kuma in ya hau a jinin wanda ba ya fitsari, zuciya na iya tsayawa ba sallama. Ana kuma yi masa ɗan aiki a hannu, a haɗa jijiyar da ke kawo jini da mai mayarwa, a jira sati shida ko fiye ta yi kauri ta iya ɗaukar allura. Sunanta fistul, amma ba ruwanta da yoyon fitsarin mata, suna ne kawai ya zo ɗaya. Hannun nan ba a auna tansiyon a kansa, ba a ɗibar jini, ba a kwana a kansa.

Masu alkawarin injina su ma su ji. Zama ɗaya na cin ruwa wajen lita 120, kuma ba ruwan famfo tsura ba, sai wanda ya bi ta injin tacewa na musamman. Ga gwangwanin tacewa, ga bututai, ga maganin hana jini daskarewa, ga wutar da ba ta ɗaukewa, ga ma'aikacin da ya ƙware. Inji ba waɗannan, kayan ado ne na ranar yanke kyalle.

Za a ce ai wane an yi masa sau huɗu ya warke. Gaskiya ne, kuma a nan ruɗanin ya fi kama jiki. Gazawar ƙoda iri biyu ce. Akwai ta farat ɗaya: zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, gudawa da amai da suka ƙarar da ruwan jiki, zubar jini bayan haihuwa, jijjigar masu ciki, saran maciji. A nan matatun sun suma ne, inji na riƙe mutum kwanaki ko satuttuka kafin su farfaɗo da kansu. Ko mutum na farko da injin likita Willem Kolff ya ceta a Holan a 1945, wata mace mai shekara 67, irin wannan ce gare ta. Akwai kuma ta sannu a hankali, wadda hawan jini da ciwon sukari ke kan gaba wajen jawowa, sai amosanin jini, tsakuwar ƙoda, kumburin furostat da ke tare fitsari, da tsargiyar da aka bari ta daɗe, abin da mazauna bakin kogin Isa suka sani. A wannan, matatun tabo suke zama ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka rage su ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsu, su ma su ƙone. Tabo ba ya wankuwa.

Shi ya sa garin "wanke ƙoda" ke ba ni haushi. Ƙoda ba tukunya ba ce da ke yin ƙanzo. Abin da yawancin irin wannan jiƙo ke yi shi ne sa fitsari, mai sha ya ga yana ta zagayawa ya ce datti na fita, alhali ruwan jikinsa ne ke tafiya. In akwai kanwa a ciki, an ƙara masa gishirin da ke ɗaga tansiyon. Haka ƙwayoyin ciwon jiki na masu tallar magani a faranti, diclofenac da ibuprofen: suna rage jinin da ke shiga matatar, kuma wanda ya haɗiye su kullum, cikin rana, ba isasshen ruwa, yana cin ƙodarsa ne a tsaye. Faransanci ma ya ƙara mana nasa: "mal aux reins", da fassararsa kalma-kalma ita ce ciwon ƙoda, ciwon ƙugu yake nufi a bakin jama'a, sai duk mai ciwon baya ya ɗauka ƙoda ce. Ciwon ƙoda na sannu kuwa galibi ba ya zafi. Ana iya rasa fiye da rabin aikinta mutum na zuwa kasuwa, kafin kumburin ƙafa da fuska, fitsari mai kumfa, tashin dare, ƙaiƙayi da tashin zuciya su bayyana.

Awo uku ke kama shi da wuri: tansiyon, furotin a fitsari da ɗan tsinken takarda, da kireyatinin a jini. Da kireyatinin da shekaru da jinsi likita ke lissafa ƙarfin tacewa. Daga 90 zuwa sama daidai ne in fitsari ba furotin. Ƙasa da 60 har wata uku ciwo ne da ya zauna. Ƙasa da 15 ne ake fara shirin inji. Mai hawan jini ko sukari ya yi ukun nan sau ɗaya a shekara ko da yana jin garau, ya kuma riƙe takardar bara, domin saurin da lambar ke sauka ne likita ke son gani.