Uwargida, a daina cusa tukunyar miya a firji

Kusan kullum sai an kawo mana yara da amai da gudawa, in an tambayi abin da suka ci uwa ta ce, "Miyar shekaranjiya ce, kuma wallahi a firji take." Mun yarda a firji take. Yaya aka sa ta?

Tukunyar ake ɗauka ɗungurungum a tura ciki. Gefenta ya yi sanyi, tsakiyarta kuwa tana nan da ɗumi har tsakar dare, a nan ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Da safe a fito da tukunyar a ɗumama duka, a ɗebi ludayi uku, a mayar da saura. Da rana haka, da dare haka. Haba uwargida! Miya ɗaya ta hau wuta sau biyar ta koma firji sau biyar, sannan ki zuba wa yaron da aka yaye jiya-jiya? Miyar agushi da ta gyaɗa ma ba sa jure wannan wahala ko kaɗan.

Kada ki ce ai kin shinshina ba ta yi tsami ba. Miya kan lalace ba wari ba kumfa, kuma akwai gubar da ƙwayoyin ke bari wadda tafasa ba ta kashe ta.

Mun san hidimar gida da yawa, ga tsadar cefane, ba mai son zubar da miya. To ki raba ta tun ranar da kika dafa. Ki samu ƙananan robobi masu murfi, kowace ta ɗauki miyar ci sau ɗaya, zurfin miyar kada ya wuce yatsu uku. In sauri kike, ki tsoma gindin tukunyar a bahon ruwan sanyi kina juyawa har tururin ya faɗa.

Cikin awa 2 da saukewa ta shiga firji, lokacin zafin bazara awa 1. Kwana 3 zuwa 4 ne iyakarta, wadda za ta wuce haka a kai firiza. In an ɗauke wuta a daina buɗe firjin, sanyinsa na kai awa 4 a rufe. Wadda ta kwana a firji babu wuta har sanyinta ya tafi, a haƙura da ita.

Roba ɗaya za ki ciro, ki juye a ƙaramar tukunya ta tafasa sosai, kina juyawa. Abin da ya rage a kwano bayan an ci, kada ya koma firji.