Addini a Makarantun Gwamnati

Matsayin addini a makarantun gwamnati batu ne na doka da tarbiyya da ya shafi addu'a a makaranta, darasin addini, suturar ɗalibai da alamomin da ake ratayawa a aji. Abin da ya sa ya fi sauran batutuwan 'yancin addini sarƙaƙiya shi ne zuwa makaranta tilas ne, kuɗin kowa ne ke tafiyar da ita, waɗanda ke zaune a benci kuma yara ne da ba sa iya musa wa malami.

Tushen doka

Sashe na 18 na Kundin Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1948 ya ba kowa 'yancin tunani da addini. Yarjejeniyar haƙƙin jama'a da siyasa ta 1966 ta ƙara da cewa iyaye ke da ikon zaɓa wa 'ya'yansu tarbiyyar addini. Babu ɗayansu da ya fayyace yadda za a tsara aji.

Amurka

Gyaran fuska na farko ga tsarin mulkin Amurka, na 1791, ya hana gwamnati kafa addini, ya kuma hana ta tauye ibada. Duk da haka makarantun ƙarni na 19 suna buɗe yini da karatun Baibul na fassarar 'yan Furotesta, abin da 'yan Katolika suka ƙi. Wannan saɓani na cikin dalilan tarzomar Filadalfiya ta 1844, inda aka ƙone coci-coci aka kuma rasa rayuka.

Kotun Ƙoli ta shata iyaka sannu a hankali. A 1943 ta ce ba za a tilasta wa 'ya'yan Shaidun Jehobah gaida tuta ba. A 1948 ta haramta shigo da malaman addini su koyar a cikin ginin makaranta, amma a 1952 ta yarda a sallami ɗalibai su je darasin addini a waje. Shari'ar Engel da Vitale ta 1962 ta soke wata gajeriyar addu'a mai kalmomi 22 da hukumar ilimi ta jihar Niyok ta tsara, ko da yake ba a tilasta wa kowa karanta ta ba. Shekara guda bayan haka aka soke dokar Pensilbaniya ta karanta ayoyi goma na Baibul kullum safe. Abin da ake yawan mantawa shi ne hukuncin nan na 1963 ya bar ƙofa a buɗe ga koyar da Baibul a matsayin tarihi ko adabi, kuma ɗalibi yana iya addu'arsa shi kaɗai. Wanda aka hana shi ne makarantar ta ja addu'ar. A 2022 kotun ta goyi bayan wani kocin ƙwallo da ke durƙusawa ya yi addu'a a tsakiyar fili bayan wasa, ta kuma yi watsi da ma'aunin Lemon na 1971, wanda kotuna suka daɗe suna amfani da shi wajen gane ko gwamnati ta karya hanin kafa addini.

Faransa

Dokar ministan ilimi Jules Ferry ta 1882 ta cire darasin addini daga firamare, ta ware yini guda a mako, wato Alhamis a wancan lokaci, domin iyaye su kai yara a koya musu addini a waje. Dokar 1886 ta mayar da aikin koyarwa hannun waɗanda ba limaman coci ba. Yankin Alsas da Mosel bai bi wannan tsari ba saboda yana hannun Jamus a lokacin, kuma har yau ana darasin addini a makarantunsa. Rigimar ɗankwali ta taso a garin Creil a 1989, sai dokar 15 ga Maris 2004 ta hana ɗalibai sanya alamomin addini da suka fito fili, kamar hijabi, hular Yahudawa da babban gicciye.

Inda ake koyarwa da damar fita

A Ingila dokar 1944 ta wajabta ibadar haɗin gwiwa kullum, ta ba iyaye damar cire 'ya'yansu. A Jamus darasin addini cikakken fanni ne a yawancin jihohi, yaro kuma yana yanke wa kansa shawara idan ya kai shekara 14. Sashe na 28 na tsarin mulkin Indiya ya hana koyar da addini a makarantar da gwamnati ke ɗauke da dukkan nauyinta.

Damar fita tana da sauƙi a takarda, a aikace ne take cijewa. Sau da yawa ba a tanadi wani darasi ko malami ga yaron da aka cire ba, sai ya zauna a baranda abokansa suna kallonsa ta taga. Sanarwar makaranta kan zo a taron safe tare da addu'a, wanda ya fita ya rasa duka biyun. Idan kuma sai iyaye sun rubuta dalili kafin a ɗaga wa yaro ƙafa, an tilasta musu bayyana aƙidarsu ke nan. Kan irin wannan ne Kotun Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta samu Norwe da laifi a 2007.

Alamomi a bango

Kotun tsarin mulkin Jamus ta soke ƙa'idar jihar Babariya ta rataya gicciye a kowane aji a 1995. Kotun Turai kuwa ta bar Italiya ta ci gaba da rataya gicciye a azuzuwanta a 2011.