Wai me ake nufi da FWACS ɗin nan da ke bayan sunan likita?

Kwanaki na raka kawuna asibiti, ciwon baya ya sa shi gaba har ƙafarsa ta hagu ta fara dindiris, aka ce sai mun ga likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da laka. Muna zaune a benci ya ga allon ƙofa an rubuta sunan likitan da MBBS, FWACS, sai ya ce min "kai ɗan boko, wannan jerin baƙaƙen duk digiri ne?" To gaskiya ba digirin jami'a ba ne irin wanda muka saba.

MBBS shi ne na jami'ar, shekara 6, kuma wanda ya tsaya nan likita ne amma bai isa ya buɗe bayan mutum ba. Zai yi shekara ɗaya ta koyon aiki a asibiti, ya yi bautar ƙasa, ya ci jarabawar share fage da suke kira firamare, sannan ya samu gurbin horon ƙwarewa a asibitin koyarwa. Nan ne wahalar take. Shekarun farko yana zagaya sassan tiyata daban-daban, ga kwanan asibiti, ga waya tsakar dare an kawo wanda ya faɗo daga babur, ya ci jarabawar mataki na ɗaya, sai ya koma ɓangaren ƙwaƙwalwa da laka kaɗai ya ƙara wasu shekarun, kuma kowace tiyata da ya yi ko ya taya sai an rubuta a littafi malaminsa ya sa hannu. Ƙarshe sai ya yi bincike nasa na kansa ya rubuta kundi ya kare shi gaban manya. In ya tsallake, Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma ta karɓe shi a matsayin cikakken ɗan ƙungiya, wato felo, shi ne FWACS ɗin. In kuma ta kwalejin Najeriya ya bi, wadda aka kafa a 1979, za ka ga FMCS. Da wannan ake ɗaukarsa kwansaltan, wato babban likita ƙwararre a fanninsa.

Inda mutane ke ruɗewa, a Amurka kalmar feloshif wani abu daban take nufi: bayan shekara 7 na horon tiyatar ƙwaƙwalwa, mutum ya ƙara shekara ɗaya ko biyu a kan gadon baya zalla, yadda ake ɗaure ƙashi da kusoshi da sanduna, yadda ake cire guringuntsin da ya zame ya danne jijiya. Shi ya sa za ka ji likitanmu na nan ma an ce ya tafi feloshif Indiya alhali tuni yana da FWACS, ƙari ya je yi.

Kuma FWACS ba shi ne farfesa ba fa, matsayin farfesa jami'a ce ke bayarwa in mutum yana koyarwa yana buga bincike a mujallu. Latunde Odeku, wanda ya fara fannin tiyatar ƙwaƙwalwa a Najeriya, a Michigan ta Amurka ya yi horonsa ya dawo Ibadan a 1962.

Shi dai kawu da aka duba hoton MRI aka ce matsalar tsakanin L4 da L5 take, wato ƙasusuwan ƙugu na huɗu da na biyar, kuma likitan ya ce ba yanzu za a yi aiki ba, a fara da magani da gashin ƙashi tukuna. Har ya ɗan ji haushi wai duk wannan karatun ba za a taɓa shi da wuƙa ba.