Kwamfuta a Aji: Tambayoyin da Iyaye da Malamai Ke Yi

Idan an raba wa ɗalibai kwamfuta, ai magana ta ƙare ko?

Ba ta ƙare ba. An gwada hakan. A 2005 aka ƙaddamar da shirin One Laptop per Child, na bai wa kowane yaro kwamfutarsa, kuma ƙasar Peru ta raba dubban ɗaruruwa a makarantun firamare. Da masu bincike suka bibiya, sai suka tarar yaran sun iya sarrafa na'urar sosai, amma makinsu a lissafi da karatu bai motsa ba. An kawo kayan aiki, an bar malamai ba isasshen horo, darasi kuma yana nan yadda yake a da.

To wace ƙwarewa ake so yaro ya samu?

Latsa waya dai yara sun fi manya iyawa, wannan ba ya buƙatar makaranta. Abin da ke buƙatar malami shi ne yaro ya nemi bayani a intanet, ya tantance na gaskiya da na ƙarya, ya rubuta aiki, ya tsara alƙaluma, ya kuma kare bayanansa na sirri. Sai rubuta manhajar kwamfuta. Ingila ta sa shi cikin tsarin karatun makarantu a 2014, tun daga 'yan shekara 5. Da Scratch, manhajar koya wa yara wannan aikin wadda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar kyauta a 2007, yaro kan harhaɗa umarni ya ƙirƙiri wasansa. Idan ya ƙi aiki, ya koma ya nemo inda ya kuskure. A ganina wannan neman kuskuren ya fi wasan amfani.

Dole sai da intanet?

A'a. Manhajar Kolibri tana ɗauke da darussa ba tare da intanet ba. Wutar lantarki da mai gyara su ne ba a iya kauce musu.

Waya fa, a bar ta a aji?

Nan ake ja-in-ja. Faransa ta hana ta a firamare da ƙaramar sakandare tun 2018, rahoton UNESCO na 2023 kuma ya ce a yi amfani da fasaha a aji ne kawai idan za ta taimaki koyo. Wayar da malami ya ba da aiki a kanta daban, wadda ke ƙarƙashin tebur ana hira daban.

Makaranta mai ƙaramin ƙarfi daga ina za ta fara?

Daga horar da malamai. Kwamfuta ɗaya da majigi a hannun malamin da ya san aikinsa sun ishi aji guda.